Jatau da Kajin Tsahara

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum mai suna Jatau, ga gemu har ƙirji, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tsahara tana da kajin gida da ta gada wurin kakarta. Ƙwansu ja ne mai duhu, kamar sabuwar tukunyar ƙasa, kuma ba ta haɗa su da komai.

Wata rana Tsahara za ta rijiya, ta ce, "Maigida, shaho na shawagi, ka sa ido a kan kazar nan mai 'yan tsaki." Jatau ya durƙusa, ya kamo kazar, ya manna idonsa a gadon bayanta. Kaza ta juyo ta kai masa sara, shaho kuwa ya sure tsako ya tafi. Da Tsahara ta dawo ta tarar ido ya kumbura suntum. Ya ce, "Na sa ɗaya. Ɗayan ma a sa?"

Wata rana kuma ta ciko ƙwarya da ƙwai, ta ce ya kai wa kawunta Barau da ba shi da lafiya. "Ka ce masa ga wannan, ba yawa." A hanya Jatau ya buɗe faifai, ya ga ƙwai dam. Ya ce, "A'a, ni ba na yi wa suruki ƙarya." Ya zauna wurin mai shayi, aka soya, kowa ya ci, ya rage guda. Ya isa ya tsuguna. "Kawu, in ji Tsahara, ba yawa." Tsoho ya leƙa ƙwarya, ya ce, "Lallai ta faɗi gaskiya."

Wata rana kajin suka watsa mata shanyar gero. Cikin fushi ta ce, "Don Allah ka yi nisa da kajin nan, kada in ƙara ganinsu!" Jatau ya zuba su a kwando, ya ɗora wa jaki. Ya wuce gona, ya haye rafi, ya yi ta tafiya har gindin wani dutse, ya kafa bukka. Tsahara ta yi cigiya, ta yi kuka, shiru.

Ana cikin haka ciwon kaji ya faɗo garin, ya share akurki kaf, ko zakaran da zai yi cara bai bari ba. Sai da guzuri ya ƙare Jatau ya dawo, kwando cike da kaji da sababbin 'yan tsaki. Ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya, "Tsahara, rufe idonki, ga su nan!"

Nan da nan gari ya taru. Mai unguwa ya ce, "Jatau, Allah Ya yi maka albarka. Sai ka taimake mu da iri."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Jatau. Ya shiga rumbu, ya fito masa da damin gero.