Shekarar da Ungulu Ta Ƙaurace wa Dajin Ruƙuƙi

A wani daji da ake kira Ruƙuƙi, samarin dabbobi sun ɗauko wata muguwar sara. Sai su wasa ƙaho a jikin dutse, su haɗu a mashaya da la'asar, 'yan gabas su soki 'yan yamma. A da kokawa ake yi, a tashi ana dariya. Yanzu ba a watsewa sai an ga hanji.

Akwai wata barewa, Yalwa, mai 'ya'ya maza biyu. Babban an farke masa ciki da bazara. Saura Cindo, wanda ƙahonsa ko ƙwari bai gama yi ba, amma tun safe yake goga shi a dutse, ya rantse yau sai ya rama wa wansa. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta tare hanya, ya tsallake ta ya wuce. Ta zabura sai majalisar dajin, rana kuwa ta fara karkata.

Ta yi rashin sa'a, ranar Hajiya Shamuwa ce. Kowace damina Shamuwa kan zo ta faɗa wa majalisa matsayin dajinsu a cikin dazuzzuka. Ita fa ba ta sauka ta tambayi kowa, wa zai ɓata ƙafa! Daga sama take dubawa, inda ungulaye suka fi shawagi, nan aka fi kisa. A bara ta ce Ruƙuƙi ne kan gaba a kisa. Ɓauna, shugaban majalisa, ya ji kunya ƙwarai, har ya ɗauki mataki: ya naɗa Kura ta riƙa kawar da gawa kafin ungulu ta hango.

"Jama'a, na zaga," in ji Shamuwa. "A Dajin Tudu ungulaye sun rufe rana. A Ƙetaren Kogi abin ya ɗan lafa, amma su dama can tarbiyyarsu daban. Ku kuwa, bana samanku fes. Ban taɓa ganin ci gaba irin wannan ba."

Wuri ya ɗauki sowa. A cikin sowar Yalwa ta faɗi gaban Ɓauna tana haki.

"Ranka ya daɗe, ɗana yana hanyar mashaya. Shi kaɗai ya rage mini. Don Allah a tura manya biyu su tsaya a bakin ruwa. Tsayuwa kawai! Yaran nan in suka ga babba, watsewa suke yi."

Ɓauna ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, mun ji, kuma muna tausaya miki. Amma kin ji bayanin Hajiya da kunnenki, abin raguwa yake yi. In muka tura manya mashaya a gaban baƙuwa, me za ta je ta faɗa a Tudu? Cewa za a yi muna da matsala."

"Muna da ita mana! Ni na ga cikin ɗana a buɗe!"

"Ke ɗanki kika gani," in ji Shamuwa a hankali. "Ni dazuzzuka na gani. Da a Tudu kike, da tuni kin rasa duka biyun. Ki gode wa Allah."

Aka shiga muhawara a kan ko Ruƙuƙi ya wuce Ƙetaren Kogi ko kunnen doki suka yi. Yalwa ba ta jin komai. Inuwar bishiyar kuka take kallo tana ƙara tsawo. Can sai ta ga kunnen Kura ya motsa. Kura ta ɗaga hanci ta shaƙi iskar da ke tasowa daga mashaya, ta miƙe ba hayaniya.

"Ranka ya daɗe, a yi mini uzuri. Aiki ya taso."

Yalwa ta ƙwalla ƙara ta bi ta a guje. Barewa ta fi kura gudu, kowa ya san haka, amma mai aikin majalisa ta san gajeriyar hanya. Ko da Yalwa ta isa, samarin sun watse. Bakin ruwa a share tas, sai jiƙaƙƙen yashi da guntun ƙaho ɗaya mai sabon wasi. Ta san shi. Ta kwanta a kansa.

Kura ta komo majalisa kafin a tashi, ta zauna tana lasar baki. Shamuwa ta ɗaga dogon bakinta ta dubi sama ta wajen mashaya, ta jinjina kai.

"Kun gani ko? Ko ɗaya babu."

A shekarar Ruƙuƙi ne ya zo na ɗaya a zaman lafiya, Kura kuwa ta nemi a ƙara mata mataimaka.