Sanarwar Rasuwar Dattijo Mai Karanta Fayil Arba'in

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, haƙora kuma a cije, nake sanar da abokan aiki rasuwar Dattijo, kod ɗin kwamfuta da na rubuta da hannuna shekara tara da suka wuce. Ba ciwo ne ya kashe shi ba. Yankan rago aka yi masa ranar Talata da hantsi, ina banɗaki.

Aikin marigayin ɗaya ne. Kowace safiya rumbunan ajiyarmu arba'in kan aiko fayilolin awon sanyi, shi kuma ya bi su layi-layi ya haɗa rahoto. Tsawonsa layi ɗari huɗu da sha biyu, zagaye cikin zagaye cikin zagaye. Na yarda yana da hali. Yakan buɗe fayil ya manta bai rufe ba, in kuwa ya ci karo da layin da babu komai sai ya sume. Nan fankar kwamfuta za ta kama fuuuu, fuuuu, duk ofis a waiwayo ana nemana. Ni kaɗai na san inda ake taɓa shi ya farfaɗo. Sau biyu ana rage ma'aikata a gidan nan ana tsallake ni, kuma ba don kyawun fuskata ba.

Wadda ta yi wannan ta'asa ita ce Almakashi, abokiyar aikinmu mai zama bakin taga. Ta farke masa ciki, ta zazzago hanjin, ta daddatse zagayen nan uku, ta danna gogewa. Na dawo na tarar da allo ja wur daga sama har ƙasa, alamar duk layukan da aka goge. A gurbinsa ta dasa wani ɗan tsurut mai layi shida. Ya karɓi jerin fayiloli, ya buɗe ɗaya, ya miƙo layukansa ɗai-ɗai, ya rufe, ya wuce na gaba. Ko tari ba ya yi.

Na ɗaga kujera zan rotsa allon, aka rirriƙe ni. Ita ko gezau.

"Haba Yaya, ajiye musu kujerarsu," in ji ta. "Yanzu ai kowa zai iya karanta shi, har Oga."

Oga kuwa ya sa tabarau, ya karanta, ya gane. Wallahi da ta kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi.

Marigayin ya bar ƙanne uku a tsohuwar fulas ɗina ta ajiyar fayil: Na-ƙarshe, Na-ƙarshe-2 da Na-ƙarshe-wallahi, babu mai tashi a cikinsu. Ya kuma bar ni da mata da 'ya'ya huɗu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma a teburina, inda za a zubar da kwandon sharar kwamfuta. Na so in hana mai kisan halarta, sai dai kalmar sirrin kwamfutar a hannunta take yanzu. Masu ta'aziyya su daure su zo da wuri, don ƙarfe sha ɗaya Oga ya ce in same shi a ofis, in taho da katin shaidata da makullin durowa.