Kwanonin Sa'adatu da Na Kai Inuwa

Ko na manta da komai na shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa rufe wa mutane marina da hannuna ba, ina kuma tsaye ina jiran a gode mini.

A wani ƙauye ne can gefen Roni. Masu rinin garin sun daɗe da barin baba sun koma rinin kanti, kuma duk ruwan da suka gama da shi gangarawa yake ya faɗa tafkin da shanun Ardo Buba ke sha. Tafki ya koma shuɗi, shanu suka fara ƙin ruwan, magana ta kai gaban dagaci. Shi kuma ya yanke hukunci: in ba a samo mafita kafin damina ba, marina za ta tashi. Gidaje da yawa kuwa da wannan sana'a suke ɗora tukunya.

Sa'adatu 'yar ƙanwata ce, tana digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Yarinya ce mai sanyin magana, amma in ta kama abu ba ta saki. Ita ta ce tana da wata farar hoda mai kama da garin alli, wadda za ta iya karya rini a cikin ruwa. Ni na yi mata hanyar ganin dagaci, saboda haka a zuciyata rabin aikin nawa ne. A mota, tun daga Kazaure, ta yi ta yi mini bayanin yadda hodar take aiki. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa, "Ƙwarai, ai na sani." (Gaskiyar magana jawabin da zan yi a gaban dagaci nake ta shiryawa a raina, ko kalma uku ban kama ba.)

Da hantsi ta jera kwanonin gilashi shida masu faɗi a filin ƙofar gidan dagaci, ta zuba ruwan marina, ta barbaɗa hodarta ta motsa. Aka ce jama'a su hallara bayan Azahar. Ita ta wuce tafki da Malam Ilu, shugaban masu rini, don ta ga inda ruwan yake bi, ni kuma na tsaya gaishe-gaishe.

Ina juyowa na ga ruwa a buɗe, a tsakiyar rana, ƙudaje na shawagi, ga akuya tana leƙe. Jama'a, ni fa mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bi gida-gida yana cewa a rufe randa. Na sha cin tarar matan gida a kan tulu marar murfi. Raina ya ɓaci, na ce yaran zamani sai boko, babu tsafta. Na naɗe hannun babbar riga, na kwashe kwanonin ɗaya bayan ɗaya na kai can ƙuryar zaure inda ya fi duhu. Na aro faya-fayai daga cikin gida na rurrufe, na kuma jiƙa buhu na lulluɓa a kai, yadda ake yi wa tulu don ruwa ya yi sanyi. Na koma gefe ina jin daɗin kaina.

Sa'adatu ba ta dawo ba sai da aka idar da salla, zaure ya cika. Na ga ta tsaya a fili tana waige-waige, amma ban ba ta damar magana ba. Na miƙe na yi jawabina, na ambaci shekaruna a harkar ruwa har sau uku, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muka yi." Na yaye buhu, na ɗage faya-fayan.

Ruwa yana nan shuɗi, yadda aka ɗebo shi daga marina.

Ardo Buba ya leƙa, ya dafa sandarsa ya ce, "Malam, ai wannan ko shanuna sun san shi." Wasu suka kwashe da dariya. Malam Ilu bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannayensa da rini ya riga ya zauna a cikinsu.

Sa'adatu ta matso ta russuna, ta ce a hankali, "Kawu, wa ya shigo da su nan?"

Na ce, "Ni ne. Kin bar su a rana, a buɗe."

"Kawu, ai ranar ce ke aikin."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na jira ta yi kuka, ko ta gaya wa jama'a cewa ta yi mini bayani a mota. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ga dagaci ta ce, "Ranka ya daɗe, Kawu ya nuna mana rabin maganar. Kowa ya ga hodar nan a duhu barci take yi. Hasken rana ne ke tashinta, ita kuma ta farfasa rinin, kuma ba ta ƙarewa, a tace ta a sake aiki da ita. A bar uku a nan, a fitar da uku, mu ga bambanci."

Wallahi ban taɓa ganin an ɗinke ɓaraka da natsuwa irin haka ba. Dagaci ya yi murmushi ya ce, "To, tunda Malam duba-gari ya iya tsaron ruwa, shi zai kore mana akuya."

Haka na zauna a tsakiyar fili cikin babbar riga mai sitati, ina gadin kwanoni uku, gumi na bin bayana, jama'a na inuwa suna kallona. Sa'adatu takan zo ta motsa ruwan ta koma. A hankali shuɗin ya fara dusashewa. Bayan La'asar ana hango gindin kwano, na zaure kuwa suna nan yadda na bar su.

Ardo ya miƙa hannu zai ɗanɗana, ta tare shi. "A'a Baffa, launi ne ya tafi. Sai hodar ta kwanta, na kai ruwan an gwada, kafin in ce ko dabba ta sha." Ardo ya janye hannunsa, sannan ya ce wa dagaci, "Wadda ta hana ni sha alhali ta ci nasara ba za ta yi mini ƙarya ba. A ba su lokaci."

Aka ɗaga hukuncin, aka amince masu rini su gina kwatami mai faɗi marar zurfi a bayan marina, ba rufi. Malam Ilu ya riƙe hannuna ya yi ta godiya, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

A hanyar komawa Kazaure na ce, "Sa'adatu, sake yi mini bayanin nan na safe." Ta sake, tun daga farko, ba ta ko yi murmushi ba. Wannan karon ban ce na sani ba.

Har yau in na je ƙauyen, Malam Mai Inuwa suke kirana, kuma ina amsawa. A gida kuwa, ko shanyar kuɓewa na gani a rana, hannuna a aljihu yake sai na tambayi mai ita.