Lonnie Purvis da Nacos na Dankali

"Ni fa in na shiga kicin, wuta ma sai ta gyara zama."

Lonnie Purvis ne ya faɗi haka ran wata Lahadi a gidan surukarsa Mama Eula, bakinsa cike da naman da ba shi ya gasa ba.

Bari in nuna maka Lonnie tukuna, don ka san da wanda muke. Gajere ne mai tumbi, katifa yake sayarwa a wani kanti a bayan garin Memphis, kuma bakinsa ne jarinsa. In ka shiga kantin don tambayar hanya, da katifa biyu za ka fito. Amma shekara ashirin da biyu da aurensa da Darlene, abin da ya taɓa dafawa bai wuce ruwan zafi ba, shi ma butar ba ta sake moruwa ba.

Abin da ke cin ransa shi ne Wendell, yayan Darlene. Dogon bakanike ne, ba ya son magana. Duk watan Yuli, in zuriyar Mama Eula ta taru, mutum sittin da 'yan kai, Wendell ne ke gasa naman, kuma sai a yi wata guda ana yabonsa. Kowane yabo ɗaya, sai Lonnie ya ji kamar an taka masa yatsa.

"Naman nan ba laifi," in ji Lonnie, yana lasar hannu. "Sai dai ya ɗan bushe."

"Faranti na uku ke nan kana bincikensa, ango," in ji Wendell. Tun ranar biki yake kiransa ango, bai kuma fasa ba.

"Yaya, ba raini ba, amma girkinka na mutanen da ne. Ni akwai abin da nake yi, nacos, amma na dankali. A yanka dankali siriri a gasa shi ya yi ƙus-ƙus. A kawo kafaɗar alade da ta sha hayaƙi har ta yi lugub, a yayyage ta kamar dambu, a baza a kai. Sannan a lulluɓe da cuku ya narke. Wanda ya ci sau ɗaya, sai ya manta hanyar gidansu."

Darlene ta ajiye cokali. "Yaushe ka taɓa yin sa?"

"A kaina na gama shi tuntuni. Hannu ne kawai bai kai ba."

Mama Eula, shekararta tamanin da ɗaya, tana da abin ji a kunne da ba ta kunna shi sai in akwai abin dariya. Ran nan a kunne yake. Ta ce, "To, Lahadi mai zuwa ƙarfe biyar muna gidanka. In ya ciwu, gashin Yuli naka ne."

Wendell ya ƙara wa Lonnie nama a faranti kamar mai yi wa matafiyi guzuri.

Ran Asabar gogan naka ya shiga kasuwa. Ya sayo gangar gashi sabuwa dal, da rigar girki, da doguwar farar hula irin ta manyan kuku, wadda in ya sa sai ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Naman kuwa tun ran Alhamis ya sayo shi ya bar wa Darlene ta ajiye. Ya wuni yana goge ganga yana ɗaukarta hoto. Da yamma ya rubuta takarda ya manna a ƙofar kicin: ba a shiga sai da izini.

Darlene ta karanta, ta leƙo. "Lonnie, naman nan fa..."

"Darlene, don Allah. Likita yana aiki ba a koya masa riƙon almakashi."

"Abin da zan ce kawai..."

"Ki ajiye shi sai gobe, in kin ci kin ƙoshi."

Ta ce to. Ta ajiye shi kuwa. Abin da za ta ce shi ne, naman yana cikin firiza.

Da safe ta yi shirin coci ta tafi. Shi kuwa ya ce yau ibadarsa a bakin wuta take. Sai da ya sha kofi, ya gwada hula a gaban madubi ta fuska uku, sannan wajen ƙarfe goma ya tuna da nama. Ya buɗe firji, babu. Ya buɗe firiza, ga shi nan zaune, laba takwas, fari fat, da tauri kamar dutsen niƙa. Wajen ciro shi ya suɓuce ya faɗi. Naman bai ji komai ba, tayil ɗin ƙasa ne ya tsage.

Ka san kafaɗar alade ba a yi mata gaggawa. Ko ta narke, awa goma take so a kan wuta mai sanyin hali. Lonnie ya duba agogo, ya ga saura awa bakwai. Sai ya zauna ya yi lissafi irin na masu katifa. In ƙaramar wuta na cin awa goma, ai in an ninka ta awa biyar ce. In an sake ninkawa, biyu da rabi. Ya yi mamakin yadda Wendell ya shekara goma sha biyar bai gano wannan ba.

Ya juye buhun gawayi gaba ɗaya a ganga, ya ƙara rabin na biyu, ya tsiyaya man kunna wuta kamar mai ban ruwan lambu, ya ƙyasta ashana. Wutar da ta tashi ba ta gyara zama ba. Miƙewa ta yi tsaye ta gaishe shi, ta tafi da girarsa ta hagu da saman hular. Ya jefa naman ciki ya rufe, ya ja da baya yana cewa haka ake so.

Ya koma kan dankali. Akwai wani allon yanka mai reza da Darlene ke amfani da shi, da ɗan murfin da ake riƙe dankalin don kare hannu. Lonnie ya ɗaga murfin ya duba, ya ce wannan na masu koyo ne, ya jefa shi a aljihun tebur. Dankali na farko ya yanku lafiya. Na biyu ya tafi da kan babban yatsansa. Ya naɗe yatsan da tsumma har ya yi girman ƙwan agwagwa, ya ɗauki wuƙa da hannun hagu. Yankan da ya fito, wani kamar takarda, wani kamar dunduniyar takalmi. Ya zube su a tire, ya manta mai, ya tura cikin obin, tandar kicin.

Ƙarfe ɗaya Darlene ta dawo. Ta dubi hayaƙin da ya rufe bayan gida, ta dubi mijinta mai gira ɗaya.

"Sarkin girki, ina ɗayar?"

"Ɗayar me?"

"Ba komai. Kana son hannu?"

"Komai na tafiya yadda na tsara."

Ta haɗa shayi mai ƙanƙara a jug, ta ja kujera a baranda ta zauna da jarida. Ko shafi ɗaya ba ta juya ba.

Ƙarfe uku ya buɗe ganga. Abin da ya gani a ciki ya fi kama da abin da ya faɗo daga sama. Baƙi ƙirin, yana tsatsagewa. Ya ce ai ɓawon nan shi ne daɗin, masana sun sani. Ya soka wuƙa. Ta shiga kamar tsawon ɗan yatsa, ta tsaya cak, ta yi ƙara kamar ta ci karo da ƙarfe.

Nan ne gabansa ya fara faɗuwa, amma bakinsa bai sani ba tukuna. Ya kinkimi naman ya kai kicin, ya ɗauki cokula biyu masu yatsu zai yayyage. Na farko ya lanƙwashe. Na biyu ya bi ɗan'uwansa. Ya gwada da hannu, wajen ya ƙone shi, cikin ya daskare masa farce.

Wani zai tsaya nan ya kira matarsa. Lonnie kuwa gareji ya nufa. Ya ɗauko injin huda katako, ya ɗaure masa cokula uku da waya, ya sa naman a bokiti, ya ce yau za a ga bambancin mai ƙarfi da mai basira. Ya danna.

Injin ya yi kuka, bokitin ya juya sau biyu ya bar ƙasa. Nama ya tashi. Wani ya manne a silin, wani a bango, wani a gilashin mota. Guntu mafi girma ya bugi ƙwan lantarki ya dawo ya sami Lonnie a tumbi. Cokali ɗaya kuwa har yau ba a gan shi ba.

Daga baranda Darlene ta ce, "Lafiya dai?"

"Yayyagewa nake."

"Naman ko garejin?"

Lonnie ya hau tsani da abin kankare fenti yana tattaro abincin surukai daga silin. Ɗan farin fentin da ya biyo, ya ce zai wuce a matsayin gishiri.

Dankalin kuma ya riga ya yanke shawararsa. Siraran sun zama toka, masu kaurin ɗanye shar, dukansu kuma sun rungume tiren kamar da shi aka haife su. Lonnie ya tsaya ya dube su, ya dubi naman, sai dabara ta ƙarshe ta zo masa. Cuku. Ba abin da cuku ba ya rufewa. Ya baza naman a kan dankali, ya juye leda uku na cuku har tudu ya tashi, ya kunna wutar saman obin har ƙarshe, ya tura. Minti uku kawai ake so.

A minti na farko aka yi hon a ƙofar gida.

Ai Lonnie ba zai bari baƙi su shigo ba tare da jawabi ba. Ya fita da guntuwar hularsa, ya buɗe wa Mama Eula ƙofar mota, ya fara bayanin yadda ake sanin halin gawayi daga ƙamshinsa. Wendell ya saurara, ya ɗaga hanci.

"Ango, wannan ƙamshin fa, wane hali yake nunawa?"

Kafin ya amsa, ƙararrawar hayaƙi ta amsa masa daga cikin gida. Ya ruga. Ya buɗe obin, cukun yana ci bal-bal. Abin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi shi ne jug ɗin shayin Darlene, mai sukari kofi biyu. Ya sheƙa shi duka.

Duk da haka, wallahi, sai da ya kai shi tebur. Ya yayyafa ganyen albasa a kai, ya ɗora kirim cokali-cokali a wuraren da suka fi baƙi, ya ajiye a tsakiya ya ce, "Bismillanku. A ci da hankali, yana da ƙarfi."

Mama Eula ta yi addu'ar cin abinci, ta ɗan tsawaita wajen neman tsari. Wendell ya sa babban cokali zai ɗiba. Abin ya taso gaba ɗayansa, falle guda, da tiren a manne a ƙasa. Ya girgiza, bai saki ba. Ya danna tsakiya da yatsa, wurin ya lotsa ya dawo.

"Wannan katifar mai kyau ce, ango. Shekara nawa ne garantinta?"

Matar Wendell ta sa adiko a baki, kafaɗunta na rawa. Wendell ya zaro wuƙar aljihu ya yanko guntun nama, ya tsaga shi biyu, ya tsaya yana kallo. Sannan ya miƙa wa uwarsa.

"Mama, taɓa nan ki ji."

Ta taɓa. Ta sake taɓawa. "Sanyi ƙalau," in ji ta. "Har da ƙanƙara a ciki."

Nan Lonnie ya miƙe tsaye, ya cire abin da ya rage na hula. Ya ce gawayin bana ba shi da kyau. Ya ce obin ɗin Darlene ya daɗe yana neman gyara. Ya ce aladen ma da gani tsoho ne, mai taurin kai tun yana da rai. Da ya ga ba wanda ya tanka, sai muryarsa ta sauko. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne ya tara mutane da yunwa, ga tsohuwa, ga dare na zuwa.

"Wa ya ce maka da yunwa muka zo?" in ji Mama Eula. "Tun ran Laraba Darlene ta bugo waya ta ce kowa ya ci abincinsa kafin ya taho. A gidan Wendell muka tsaya. Ni har ƙari na yi."

Lonnie ya juya wajen matarsa. "Laraba? Ai ko naman ban saya ba ran Laraba."

"Shekara ashirin da biyu, Lonnie," in ji Darlene. "Ni ma na ci a coci."

Cikinsa, wanda bai ga komai ba tun kofin safe, ya zaɓi wannan lokacin ya yi ƙugi, kowa ya ji. Mama Eula ta tura masa tiren gabansa da kan sandarta.

"Ci abinka, ɗana. Mu dama kallo muka zo."

Ya zauna. Ya daɗe yana duban abin da ya girka. Can dai halin ya motsa, ya ɗago da 'yar murya ya ce, "To Mama, maganar Yuli fa? Ko ɗan wani aiki a gefen wuta?"

Tsohuwa ta gyara abin kunnenta, ta dube shi da tausayi.

"Kai za ka kawo mana ƙanƙara," in ji ta. "Ban taɓa ganin wanda ya ajiye ta awa biyar cikin wuta ba ta narke ba sai kai."