Wankan Gimbiya da Ruwan Guéné

"Lahiya lau, baiwata. Haka ake gaishe da ubangida, ba durƙuso?" Habibou ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Marka ta yi turus a ƙofar zaure. Tun da kogi ya cika ya shiga rijiyoyin unguwarsu a Malanville, famfo kuma ya ɗauke, ruwan sha sai wanda ake ɗaukowa daga Guéné cikin bido, wato jarka. Ɗiyarta Laila ta sha na rijiya, gudawa ta kusa tafiya da ita. Shi ya sa da ta ji ƙarar moto ta fito a guje tana murna. Sai ga Habibou ɗan kawunta, ɗan kabu-kabu, ya kwance bido guda yana kwarara wa motonsa.

"Wayyo! Jama'a ku taho ku ga mahaukaci! Ruwan sha kake ba ƙarhe?"

"Ƙarhe? Gimbiya ce sunanta. Ita ta ratsa laka ta kawo miki ruwan nan. Ke mi kika ratsa? Tabarma."

"Ga kogi can ya zo har bayan gida yana gaishe ka. Kai ta can mana!"

"Ruwan da ya kwashe masan unguwa duka? Gimbiya tana da ƙyama."

"Au, ita ke da ƙyama, Laila ce za ta sha? Kai da rabonka da wanka tun ranar sunanta! Ƙuda ma in ya sauka gare ka sai an kai shi likita."

"Ƙamshin arziki ne wannan. Matan Gaya layi suke yi su hau bayana."

"Masu mura, ko?"

Habibou ya fashe da dariya, ya sake karkata bidon. "Haba baiwa, ɗan wannan? Gobe in cika miki randa har ki yi iyo ciki."

"Ta wace hanya? Masu albasa sun ce ruwa ya fara cin gefen titi. Ƙarya ne?"

Hannunsa ya tsaya. Ya sosa ƙeya. "To, yau kam da ƙyar na wuce."

"In ta yanke fa? Gimbiya za mu tatsa mu ba yara?"

Kafin ya buɗe baki Marka ta yi wuf ta zare makullin moton, ta nufi rijiya, ta miƙa hannu da makullin bisa bakin rijiyar.

"Ke! Marka! Uwar ɗakina!"

"Yanzu na zama uwar ɗaki? Ɗigo guda ya sake taɓa ƙasa, sai ka shiga nan ka nemo shi. Dama kana bukatar wankan."

"Na rufe! Ga shi, na ɗaure bakin!"

"Ɗauka ka kai ɗaka. Bisa kai, yadda bayi suke yi."

Ya ɗora bidon a ka yana gunaguni, maƙwabta na ta shewa ta kan katanga. Da ya fito, ya tarar ta ajiye masa roba cike da farin ruwa.

"Wanga fa?"

"Ruwan da na wanke shinkafa. Na awaki ne, amma na ba Gimbiya sadaka."

Habibou ya sunsuna, ya riƙe ciki don dariya.

"Kin ci, 'yar gwaggo. Amma in awakinki suka biyo ni har bakin gada suna lasar taya, ba ni maido su."