Rasuwar Shuɗiya, Motar Alhaji Nata'ala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Alhaji Nata'ala mai albasa na Sabon Zongo, Lome, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akori-kurarsu, irin wadda mutanen garin nan ke kira bashe, wadda kowa ya sani da suna Shuɗiya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a tsakiyar titi, tana da shekara goma sha bakwai a duniya. Alhaji ya ce a rubuta a sarari cewa ba tsufa ne ya kashe ta ba. Wanda ya yi sanadinta yana nan da ransa da lafiyarsa, kuma sahu ɗaya suke tsayawa da Alhaji a masallaci.

An haifi marigayiya a ƙasar Faransa. Ta sauka tashar jirgin ruwa ta Lome a shekarar 1968, Alhaji ya karɓo ta sabuwa fil, fentinta shuɗi kamar baban rini. Tun ranar ba ta san hutu ba. Ta yi jigilar albasa daga arewa, ta hau dutsen Aledjo da buhu sama da abin da aka halicce ta dominsa, tana nishi amma ba ta taɓa komawa da baya ba. Ta ɗauki ragunan Layya sun yi mata kashi a baya, ta yafe. Kowace sha uku ga Janairu, ranar bikin gwamnati, ta ɗauki 'yan rawar jam'iyya zuwa filin biki, ba a tambayi ra'ayinta ba, ita ma ba ta faɗa ba, kamar kowa. Shekarar da aka tashi tsohon Zongo daga cikin gari aka dawo da mu nan bayan Agoè, ita ta kwaso rabin unguwa: gadaje, kwanon rufi, tukwane, allunan makaranta, da tsofaffin da suka rantse ba za su tashi ba sai da suka ga bango ya faɗi.

Amma aikin da aka fi saninta da shi, wanda Alhaji ya fi alfahari da shi fiye da albasa, shi ne ɗaukar gawa. Makabarta ba kusa take ba. Idan aka yi rasuwa a Zongo, ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Kotokoli, ba a aika wa Alhaji. Da kansa yake sauke kaya, ya sa a wanke bayan mota da sabulu, ya kawo ta ƙofar gidan. Makara tana shiga bayanta daidai, kamar an auna. Shekara goma sha bakwai ba ta taɓa mutuwa da mamaci a bayanta ba, ko sau ɗaya, har tsofaffin unguwa suka riƙa barin wasiyya da ita. Inna Assana mai koko, ƙawar mahaifiyar Alhaji, kusan duk safiya sai ta tuna masa cewa Shuɗiya ce za ta kai ta, kada a sa ta a motar baƙi. Shi kuma ya yi mata alkawari.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Da safe takan ce kirrr, kirrr, sai a na uku ta amsa. Ohonta fam-fam ne, sau biyu, ba ta ƙarawa. Giyarta a jikin sitiyari take, irin ta da, wadda ake sa wa da yatsu uku, don haka mutum uku ke zama a gaba ba matsi. Sai kuma kukan nan nata na giya ta uku, wiiii, siriri, mai ɗan rawa a ƙarshe. Ta kai shekara shida tana yinsa. Hajiya Zuhura, matar Alhaji, tun motar tana kan kwalta take jinsa ta ɗora ruwan wanka. Duk Zongo babu mai wannan kuka sai ita.

To, a nan ne za a ambaci Mato, don sanarwa ba ta cika sai da sunan likita. Mato makaniki ne, kuma aminin Alhaji tun suna ƙanana a tsohon Zongo. Allo ɗaya suka karanta, kwano ɗaya suka ci. Tun da aka sayi Shuɗiya babu hannun da ya taɓa shiga cikinta sai nasa. Lokacin da Meimuna 'yar Mato za ta auri Amadou direba, Alhaji ne waliyyi, Shuɗiya ce ta kai kayan ɗaki. Idan Mato ya ce noti ya kwance, Alhaji ba ya ko sunkuyawa ya duba. Wallahi da Mato zai ce masa injin mota da kunu yake tafiya, da ya aika a damo.

Wata biyu da suka wuce Alhaji ya kai ta juyen mai. Mato ya zagaya da ita, ya dawo fuska a murtuke. Ya ce kukan nan na ta uku ba na wasa ba ne, akwatin giyar, abin da makanikan nan ke kira bwat, ya gama cin kansa daga ciki. Wata rana zai tarwatse a kan dutsen Aledjo, kuma irin nasa an daina kawowa, ko a Kwatano babu, ko a Ankara. Alhaji ya tambaya ko ba boris ba ne kawai, zoben nan mai 'yan ƙwallaye, a canja a huta. Mato ya girgiza kai, ya ce an wuce nan. Amma Allah ya taimaka, yana da wani bwat a ajiye, na wata mota ƙirar baya-bayan nan da ta yi hatsari, lafiyayye. Alhaji ya ce ai waccan ƙaramar mota ce ta 'yan ofis, ba ta kaya ba, ta yaya zai shiga? Mato ya dafa ƙirji ya ce:

"Alhaji, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ni zan cuce ka?"

Aka kwantar da ita kwana tara. Abin da aka yi mata a kwanakin nan sai daga baya aka sani, kuma iyalai sun ce a jera shi don masu motoci su ji. Cikin noti shida da ke haɗa bwat da inji, huɗu ne suka sami raminsu, biyu aka bar su a wofi. Baƙon bwat ɗin ya fi nata tsawo da yatsa huɗu, sai aka yanke furofela, dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, aka rage shi aka liƙe da walda. Giyarsa kuma ta ƙasa ce, don haka aka huda cikin marigayiya da kurfi da guduma aka fito da sanda a tsakiyar kujera, inda mutum na uku ke zama. Da Alhaji ya ga ramin sai da ya dafa ƙofa. Ya tambayi tsohon bwat ɗin, yana so ya ajiye shi a gida ko don tunawa. Mato ya ce ai ya zama tarkace, masu tsofaffin ƙarafa sun riga sun kwashe.

Shuɗiya ta dawo gida ba ita ba. Kukan ya tafi, Hajiya ta daina sanin isowarta. Giyar 'yan ofis ta gudu ce, ba ta ɗaukar nauyi ba, da an ɗora buhu goma sai ta kasa tashi da ta ɗaya, sai an taka kuloci yana ƙauri kamar an ƙona gashi. Idan ta ɗan yi gudu duk jikinta ya kama karkarwa, har madubi ya faɗi. Sau uku Alhaji ya koma gareji. Sau uku Mato ya ce baƙunta ce, za su saba da juna. Alhaji ya yarda, don bai san yadda ake ƙin yarda da Mato ba.

Ranar Talata Allah ya yi wa Inna Assana rasuwa. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, aka sa ta a bayan Shuɗiya kamar yadda ta roƙa. An yi rabin hanya ke nan sai aka ji ƙwaram, sannan ƙara-ƙara-ƙara a ƙarƙashi, sannan shiru. Waldar ta balle. Furofela ya faɗi ya caki ƙasa, ya fincike bwat ɗin da noti huɗu ke riƙe da shi, ya tafi da gindin injin gaba ɗaya. Baƙin mai ya malale a kan kwalta. Wannan ita ce maganar marigayiya ta ƙarshe, kuma ba ta yi kama da muryarta ba.

Alhaji ya fito ya tsaya, jama'a na bayansa, rana na dukan makara. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Wani ya ce ga motar Amadou nan a cikin ayari, a mai da gawa can. Motar Amadou tsarar Shuɗiya ce, ƙirarsu ɗaya, kuma duk unguwa an san ta fi wata takwas a kan duwatsu saboda rashin bwat, sai kwanan nan ta tashi, aka yi ta yi masa barka. Aka ɗauke Inna aka sa ta a motar da ba ita ta zaɓa ba. Alhaji ya hau baya ya zauna gefen makara, Mato ya zauna ɗaya gefen, suna fuskantar juna. Amadou ya sa ta ɗaya, ya sa ta biyu, ya sa ta uku.

Wiiii. Siriri, mai ɗan rawa a ƙarshe.

Kowa ya san ba a maganar duniya a kan gawa. Alhaji ya ɗago ya dubi Mato, Mato ya dubi takalminsa, kuma haka suka tafi har ƙofar makabarta, muryar Shuɗiya na fitowa daga cikin motar wani. Ko boris ɗin ma Mato bai canja ba, don Allah ku ji. Ya ciro bwat ɗin da kukansa da komai ya dasa wa surukinsa. Waɗanda ke cikin motar sun ce Alhaji ya yi hawaye, aka ɗauka na Inna ne, wataƙila rabi nata ne.

Washegari da safe Mato ya zo zaure. Ya ce gidan Meimuna ne ya shiga wani hali, mota a kwance, cikinta ga shi ya tsufa, ya rasa yadda zai yi. Ya ɗauka baƙon bwat ɗin zai riƙe, da ya san haka za ta faru da bai fara ba. Ya ce yau ɗin nan zai kwance ya maido. Alhaji ya ce a maido a ɗaura a jikin me, injin da ya tsage? Kuma shi ba zai cire abinci daga bakin yarinyar da ya ɗaura wa aure da bakinsa ba, a bar mata. Sannan ya faɗi abin da ya ce lallai a sa a wannan takarda:

"Mato, da ka tambaye ni, da na hana ka. Amma da yanzu muna nan yadda muke."

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta Alhaji Nata'ala, wanda yanzu da ƙafa yake zuwa bakin titi jiran taksi, da Hajiya Zuhura. Ta bar tayoyi huɗu da safaya ɗaya mai sanƙo, da batir mai sauran ƙarfi, da tamfol da aka yi wa faci sau goma sha ɗaya, da oho wanda har yanzu idan an danna yana amsawa. Ta bar tsofaffi da dama a Zongo waɗanda sai sun sake wasiyya. Ta kuma bar bwat ɗinta, yana raye cikin ƙoshin lafiya, yana zaune a gidan Amadou.

Masu son sayen sassanta su yi haƙuri, kada su wahalar da kansu. Alhaji ya ce an yi mata fiɗa sau ɗaya tana da rai, ya isa. Liman ya tabbatar ba a yi wa ƙarfe salla, don haka ba za a yi ba, amma duk wanda ta taɓa kai masa uwa ko uba makwanci ana roƙonsa ya zo rakiya.

Za a ɗauko ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daga gefen titi inda take har yanzu, a kai ta gindin mangwaron da ke bayan gidan Alhaji, a ɗora ta a kan bulo huɗu a rufe ta da tamfol ɗinta. An nemi motar da za ta ja ta, an zagaya unguwa, ta Amadou ce kaɗai ke gari, Alhaji ya ce ita ɗin ma yake so. Alhaji da kansa zai riƙe sitiyarin marigayiya. Za a karɓi gaisuwa a zaure kwana uku, mata a wajen Hajiya.

Ana sanar da Mato cewa an ajiye masa wuri a gaba, kusa da Alhaji, ramin da ya huda na tsakaninsu. Babu wanda zai ce masa komai. An dai roƙi Amadou, da zarar an hau kwalta, ya sa ta uku, kada ya canja har a iso gida.