Gaisuwar da Ta Kayar da Farfesa

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan manta da Asabar ɗin da na je koyon rawar Turawa ta swing a unguwar Bukit Jalil, can ƙasar Malay, ba. Lokacin ina digiri na uku, kuma Farfesar da ke duba aikina, wata dattijuwa 'yar asalin Sin mai tsadar murmushi, ta riƙe babina na ƙarshe ta ƙi cewa uffan. In ba ta sa hannu ba, babu zancen komawa gida a shekarar. Na kasa zaune na kasa tsaye, ko abinci a tsaye nake ci.

Maƙwabciyata Aina, 'yar Malay da ke ƙasan ɗakina, ta gaji da jin sintirina a kanta, ta ja ni ajin rawa na mata zalla, wai in huce.

Ni da na saba da rawar biki, inda kalangu ke faɗa wa ƙugu abin yi, kowa ta kama gabanta! Nan kuwa sai kin riƙe hannun wata, ku ja da baya tare, ku dawo, ku taka gefe. Malamar rawa na cewa hagu, ina yin dama. (Yatsun ƙafar Aina sun ji jiki, Allah ya ba ta lada.) Da ƙyar ƙafata ta fara jin kiɗan, har na soma yanga.

Ashe in waƙa ta ƙare, kowa matsawa take wurin ta gaba. Na matsa, na miƙa hannu, na ɗago kai. Farfesa ce, da wandon motsa jiki da kambas.

Wallahi gwiwoyina ba su yi shawara da ni ba. Kakata ta hore su tun ina yarinya cewa ba a gaida babba a tsaye. Daidai lokacin da kiɗa ya tashi, Farfesa ta jingina baya da duk nauyinta a hannuna, ni kuma na zube ƙasa ina gaisuwa, riƙe da ita gam. Ta biyo ni rigijib, tabaranta ya yi wani wajen. Aka kashe kiɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi ban iya komai ba sai buɗe waya da rufewa. Litinin na shiga ofishin Farfesa, na tarar ta ɗora ƙafa kan kujera, an naɗe mata idon sawu. Ta turo mini babin.

"Yadda kike rawa haka kike rubutu," ta ce da Turanci. "Duk babban malamin da kika ambata sai kin durƙusa masa. Je ki miƙe tsaye ki faɗi naki, sai in sa hannu."

Na sake rubutun, ta sa hannun tana ɗingishi. Har yau ina durƙusa wa manya, ban fasa ba. Sai dai yanzu nakan fara sakin hannunsu tukuna.